Kare, Zaki da Ƙaguwa: Ina Dabbobin Katin Tarot Suka Samo Ma'anarsu?

Duk mai yawan leƙa TikTok ko YouTube da wuya bai taɓa cin karo da su ba. Wata Baturiya ce zaune gaban teburi, kyandir na ci a gefe, tana cakuɗa wasu katuna masu zane, ta zaro ɗaya ta nuna wa kyamara, ta ce zakin nan yana nufin kaza a rayuwarka, karen can kuma kaza. Katunan tarot ke nan, da 'yan uwansu da ake kira orakul. A Turai da Amurka kasuwa ce babba, har shagunan littattafai kan ware musu kanta guda.

Hukuncin duba ga Musulmi a fili yake. Aya ta 65 a Suratun Namli ta ce babu wanda ya san gaibu a sammai da ƙasa sai Allah, hadisin da Muslim ya ruwaito kuma ya ce wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ta dare arba'in ba. Kiristoci ma sura ta 18 a Maimaitawar Shari'a ta hana su. Wannan ba shi da ja. Abin da ya ja hankalina shi ne hotunan kansu, musamman dabbobin. Masu duba kan yi magana kamar ma'anar kare ko zaki wata aba ce da aka halicce su da ita. To amma kowace dabba a katunan nan akwai wanda ya zana ta, akwai shekarar da ta shigo, kuma sau da yawa akwai wata dabbar da ta tarar a wurin ta ture. Idan aka bi sawu, abin da ake tararwa tarihin Turawa ne.

Karta ta shiga Turai wajen 1370 daga Masar ta zamanin Mamluk. Akwai ragowar irin waɗancan katuna a gidan tarihi na Topkapi da ke Istanbul, da iri huɗu: kofuna, sulalla, takubba da sandunan wasan folo, kuma ko katin sarki ba shi da hoton mutum, sai ado da rubutu. Wajen 1440 masu mulki a arewacin Italiya, a birane irin su Milan da Ferrara, suka ƙara wa kartar wasu katuna masu hotuna domin wasan ya ƙara armashi. Daga nan aka sami tsarin da ya tsaya a kati 78: manya 22, ƙanana 56. Wasa ne kawai, kuma har gobe ana buga shi a Faransa da Ostiriya ba tare da wani ya ce yana duba ba. A ƙarni na 18 ma an buga wani iri a Bavariya da Ostiriya wanda galibin manyan katunansa dabbobi ne, su zaki da biri da barewa, babu kuma wanda ya nemi sanin gobensa a cikinsu.

Sai a 1781 wani Bafaranshe, Antoine Court de Gébelin, ya fito ya ce katunan wani ɓoyayyen littafi ne na bokayen tsohuwar Masar. Bai kawo hujja ba, ba kuma zai iya ba, domin a lokacin babu mai iya karanta rubutun Fir'auna. Sai a 1822 wani masani Bafaranshe, Champollion, ya buɗe wannan ƙofar. Amma maganar ta karɓu. Wani mai suna Etteilla ya mai da ita sana'a, wani marubucin sihiri Bafaranshe, Éliphas Lévi, ya zo bayan 1850 ya ɗaura katunan 22 da haruffan Ibraniyanci 22, sannan wata ƙungiyar asiri mai suna Golden Dawn da aka kafa a Landan a 1888 ta haɗa su da taurari da buruji. Cikin 'yan ƙungiyar ne Arthur Edward Waite ya sa wata mai zane, Pamela Colman Smith, ta zana masa katunan da aka buga a 1909. Su ne yau aka fi gani a hannun masu duba, kuma kusan duk abin da ake faɗa game da dabbobin tarot a kan zanen matar nan ake faɗar sa.

Mu fara da kare. A katin da ake kira Wawa, mai lamba sifili, Smith ta zana saurayi da ƙunshin kaya a rataye a sanda, farar fure a hannu, kansa a sama, ƙafarsa kuma saura ƙiris ta bar bakin dutse. A gefensa ɗan farin kare ne ya miƙe a kan ƙafafun baya. Masu fassara sun rabu biyu a kansa: wasu su ce gargaɗi yake yi, wasu su ce murna yake taya maigidansa. Kowanne aka ɗauka, karen aboki ne, alamar aminci da kuma wannan jin da kan zo wa mutum a jiki kafin hankali ya gano haɗari.

Koma baya zuwa katunan Marseille, waɗanda aka yi ta bugawa a Faransa tun ƙarni na 17, sai labari ya sha bamban. A can dabbar, wadda ba a ma tantance kare ce ko mage ba, ta kai wa mutumin cafka ta baya, wandonsa a yage har cinya na waje. Almajirin hanya ne ko mahaukacin gari da karnukan unguwa ke kora. Ƙara komawa baya zuwa katunan da aka zana wa gidan Visconti da Sforza na Milan wajen 1450, babu dabba sam: mutum ne cikin tsumma, gashin tsuntsu soke a kansa, riƙe da kulki. A katunan Aleister Crowley kuwa, wani tsohon ɗan Golden Dawn, waɗanda Frieda Harris ta zana a shekarun Yaƙin Duniya na Biyu, damisa ce ke cizon ƙafarsa, ga kada a ƙasa. Kati ɗaya, kuma a cikin shekara ɗari biyar dabbar ta tashi daga babu, ta zama mai cizo, ta zama abokiya, ta zama damisa. Mai duban da ya ce maka "kare a tarot yana nufin aminci" gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar Landan ta 1909.

Zaki ma haka ya sha juyi. Katin Ƙarfi asalinsa ɗaya ne daga kyawawan halaye huɗu da masanan Girka da malaman coci suke lissafawa, wato jarunta. A wani kati na gidan Sforza, ƙato ne ya ɗaga kulki zai sauke wa zaki, irin labarin Harkulis, gwarzon tatsuniyar Girka. A na Marseille mace ce ta kama bakin zakin da hannu biyu. Smith ta tausasa hoton sosai: mace cikin farar riga, furanni a ƙugu, ta sunkuya kan zakin, shi kuma ya saki harshe, wutsiya tsakanin ƙafafu. Waite da kansa ya ce rufe bakin take yi. Saboda haka fassarar yau ta zama haƙuri da danne zuciya, zakin kuma ya zama fushi ko sha'awar da ke cikin mutum, wadda lallami ke iya wa, duka ba ya iya wa. A ganina wannan ita ce fassara mafi ma'ana a dukan katunan, kuma ba sai an yi duba za a san ta ba. Mai ƙarfi shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi, hadisi ne da ɗan makarantar allo ma ya sani.

Wani abu da ba kowa ya lura da shi ba: a Marseille lambar katin 11 ce, Waite ya mai da shi 8, ya tura katin Adalci zuwa 11. Dalili kuwa shi ne lissafin Golden Dawn yana so zaki ya faɗo a kan burjin Asad, wato burjin zaki, sikelin Adalci kuma a kan Mizan, burjin sikeli. Wato saboda dabbar aka sauya wa katuna biyu mazauni.

Inda na fi daɗewa ina kallo shi ne katin Wata, mai lamba 18, domin a nan dabbobi ne kaɗai, babu ɗan Adam ko ɗaya a ƙasa. Wata mai fuska yana sama yana zubo wasu ɗigo. Hasumiya biyu, dama da hagu. Wata siririyar hanya ta ratsa tsakaninsu ta nufi duwatsu masu nisa. A bakin hanyar kare a gefe guda, kyarkeci a ɗayan, duk sun ɗaga kai suna haushi. Daga cikin tafki kuma wata halittar ruwa, 'yar uwar ƙaguwa, ta fito da rabin jikinta tana neman hawa tudu. Fassarar da aka saba ji ita ce karen shi ne ɓangaren mutum da tarbiyya ta horar, kyarkecin shi ne wanda bai horu ba, ƙaguwar kuma tsoro ne mara suna da ke tasowa daga can ƙasan zuciya, ya leƙo ya koma. Wanda katin ya fito masa sai a ce masa yana cikin ruɗu, kada ya yarda da abin da idonsa ya gani da daddare.

Hoton yana da kyau, ba a ja. Amma ƙaguwar nan ba don tsoro aka fara sa ta ba. A ilimin taurari na dā, wanda malamanmu masu hisabi ma suka gada ta hannun Larabawa, Wata shi ne mai gidan burjin Saraɗan, alamar Saraɗan kuwa ƙaguwa ce. Mai sassaƙa katakon bugu yana so a gane Wata ne, sai ya sa masa dabbar gidansa. Karnukan kuma a Marseille duka biyun karnuka ne, suna yin abin da kowa ya san kare na yi idan ya ga farin wata. Daga baya ne aka mai da ɗayan kyarkeci domin a sami gida da daji. Wasu tsofaffin katunan Italiya ma ba su da ko ɗaya: wani yana nuna mace riƙe da jinjirin wata, wani kuma masana biyu suna auna sama. Zancen zurfin zuciya na zamanin Waite ne, zamanin da Turai ta fara ɗaukar nazarin mafarki da ɓoyayyen tunani da muhimmanci.

Akwai halittu huɗu da ke bayyana a kusurwoyin katin Duniya da na Juyin Sa'a: mutum, gaggafa, zaki da sa. Duk wanda ya taɓa shiga tsohuwar coci a Turai ya gan su a bango. Daga wahayin Ezekiyel da Ru'ya ta Yohanna suka fito, Kiristoci kuma suka raba su ga marubutan Linjila huɗu: mutum ga Matiyu, zaki ga Markus, sa ga Luka, gaggafa ga Yohanna. Masu taurari suka zo suka ce a'a, buruji huɗu ne tabbatattu, Dalwu, Asad, Saur da Aƙrab. Yau mai duba yakan zaɓi wadda ta yi masa daɗi. Sauran kuwa ba sa buƙatar dogon bayani. Kawunan raguna a kujerar Sarki burjin Hamal ne, wato burjin rago. Macijin da ya naɗe bishiya a katin Masoya na labarin Adamu da Hauwa'u ne yadda Baibul ya kawo shi. Shaiɗan mai ƙahon bunsuru da fukafukan jemage ya ɗebo kamanninsa daga wani zanen Lévi. Halittu biyu masu jikin zaki da kan mutum da ke gaban Karusa, da mai kan dila da ke hawa wilin Sa'a, duk ragowar tatsuniyar Masar ce ta 1781. A Marseille dawaki ne ke jan karusar.

To yaya masu sana'ar ke karantawa a aikace? Waɗanda suka goge ba sa tsayawa a "zaki daidai da ƙarfi". Sukan dubi abin da dabbar ke yi, ina ta fuskanta, wane launi gare ta, a sake take ko a ɗaure. Dawakan barade huɗu na ƙananan katuna, kowane iri da bardensa, misali ne mai kyau. Na barden takubba fari ne, ya sheƙa a guje, iska na kaɗa bishiyoyi a bayansa. Na barden sanduna ya yi tsalle ya ɗaga ƙafafun gaba. Na barden kofuna yana takawa a hankali zuwa bakin rafi. Na barden sulalla baƙi ne, ƙato, yana tsaye cak a bakin gonar da aka yi wa huɗa. Ko ba a faɗa maka komai ba ka san wane ne mai gaggawa, wane ne mai bi a sannu. A katin sulalla tara, wata mace mai tufafin alfarma tana tsaye a lambun inabi da shaho a hannu, an rufe masa kai da 'yar hula irin ta masu farauta da tsuntsu. Hular nan ita ce maganar: dabbar farauta ce da aka ladabtar, don haka ake fassara katin da arzikin da kamun kai ya kawo. Can ƙasa kusa da ƙafarta akwai ɗan dodon koɗi da mutane da yawa ba sa gani. Wannan gwanintar ta mai zane ce. Smith ta yi aikin tsara dandalin wasan kwaikwayo, ta san yadda tsayuwar jiki ke ba da labari ba tare da an buɗe baki ba.

Katunan Lenormand kuwa wata hanya ce dabam. Guda 36 ne, an laƙaba musu sunan Marie Anne Lenormand, shahararriyar mai duba ta birnin Paris da ta mutu a 1843, ko da yake bayan mutuwarta aka yi haka don a ci kasuwa. Asalinsu wani wasan lido ne da aka buga a Nuremberg ta Jamus wajen 1799. A nan dabba ba ta da zurfi, kalma ce guda: kare aboki, ɓeraye asara, kifi kuɗi da ciniki, maciji cin amana ko kishiya, yanyawa wayo da yaudara, beyar mai iko, shamuwa sauyi. Ana haɗa su biyu-biyu su ba da jimla. Ɓeraye kusa da kifi, kuɗi na zurarewa. Yanyawa kusa da kare, abokin ba na Allah ba ne. Shamuwa kusa da gida, za a tashi. Dabbobin duk na ƙauyen Jamus ne, halayensu kuma daga tatsuniyoyin can aka kwaso su, inda yanyawa ke taka rawar da dila ke takawa a namu.

A nan ne gizo ke saƙar. Idan da ma'anar a jikin dabbar take, da ko'ina aka je ɗaya ce. Baturen da kare ya fito masa murna zai yi, domin da karensa yake kwana a ɗaki. Bahaushe kuwa, wanda in an ce masa kare sai an raba faɗa, da wuya kalmar aminci ta fara zuwa bakinsa. A wasu bugu na Lenormand katin tsuntsaye mujiya ce a kai. A Girka mujiya tsuntsuwar hikima ce, har a kan kuɗin birnin Atina aka buga ta. A wurinmu in ta yi kuka a kan soro sai tsofaffi su shiga salati, Larabawan jahiliyya ma haka suke camfa ta, har hadisi ya zo ya soke camfin. Baƙar magen da ke zaune gaban sarauniyar sanduna, a Ingila alamar sa'a ce, a Amurka ta rashin sa'a, a unguwanninmu kuma yara jifa suke kai mata wai aljana ce. Shamuwa ce kaɗai ta ɗan zo kusa: Bature na ganin tasu ya san sanyi ya wuce, manominmu na ganin tamu ya fara gyaran gona. Amma wannan ba camfi ba ne, tsuntsuwar da gaske bin yanayi take yi. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, katunan nan ma haka.

Abin sha'awa, Pamela Smith ta san wannan fiye da kowa. Ta yi wani ɓangare na ƙuruciyarta a Jamaika, a 1899 kuma ta buga tatsuniyoyin Anansi, gizo-gizon nan mai wayo da bayi suka tafi da labarinsa daga ƙasar Akan ta Ghana, ɗan uwan Gizonmu na Ƙoƙi. Har tsayuwa take yi a taruka a Landan tana ba da tatsuniyoyin da bakinta. Amma da ta zo zana wa Turawa kati sai ta yi musu da dabbobin da suka sani.

Me ya sa to mutane ke rantsuwa cewa kati ya faɗi daidai? A 1948 wani malamin nazarin halayyar ɗan Adam a Amurka, Bertram Forer, ya ba ɗalibansa takardu, ya ce kowa bayanin halinsa ne aka rubuta masa shi kaɗai. Suka auna dacewar bayanin, matsakaicin makin ya haura 4 cikin 5. Ashe takarda iri ɗaya ya raba wa kowa. Hoton dabba ya fi jimla iya wannan aiki, domin ba shi da baki. Nuna wa mutum kare da kyarkeci ka ce ɗaya na gida ɗaya na daji, wane ne a duniya ba ya jin wannan ja-in-ja a ransa? Mai neman aure zai ga masoya biyu, ɗan kasuwa zai ga abokan ciniki biyu. Shi ya sa da yawa daga masu karatun zamani suka janye daga da'awar sanin gobe, suka fake da Carl Jung, masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Suwizalan, suna cewa hotunan madubi ne kawai na tunanin mai kallo. Wannan ya fi kusa da gaskiya, sai dai har yanzu suna karɓar kuɗi suna amsa tambayar "zai dawo gare ni?", wadda madubi ba ya amsawa.

Orakul na zamani ma ya yar da ɗan tsarin da tarot ke da shi. Babu ƙayyadadden adadi, babu jeri, kowane marubuci yakan zaɓi dabbobinsa ya buga ɗan littafin fassara ya sa a kwali. Wanda ya buɗe wannan kasuwa sosai shi ne wani saiti na dabbobi 44 da Jamie Sams da David Carson suka fitar a 1988, suna danganta shi da hikimar 'yan asalin Amurka. Ya sayu ƙwarai, ya kuma jawo ƙorafi, domin 'yan asalin nahiyar al'ummu ne ɗaruruwa, kowace da harshenta da yadda take kallon gaggafa ko kyarkeci, kuma a wurin da yawansu dangantaka da dabba magana ce ta zuri'a da ibada, ba a zaro ta daga kwali. A 1993 wani taron shugabannin Lakota, ɗaya daga al'ummun nan, ya fitar da sanarwa mai zafi yana la'antar masu sayar da al'adunsu na ibada. Kasuwar ba ta tsaya ba. Yau akwai orakul na maguna, na dawaki, na tsuntsaye, na halittun teku, har da na dabbobin Afirka, kuma idan ka ɗauki biyu ka buɗe shafin kura, ba mamaki ka tarar ɗaya ya ce dariya da zumunci, ɗayan ya ce ka yi hattara da na kusa da kai.